Mai Tausar Madina

Takardar tana aljihun Malam Isah lokacin da ɗan kabu-kabu ya sauke shi a Dandin Mahe. Sau uku ya sake rubuta ta a gidansa na Bodinga. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana gyara rubutun yara ba ya barin waƙafi a inda bai dace ba, ko da a takardar neman gafara.

Wata biyu da suka wuce ya je Umra, bayansa ya riƙe a Madina har ruku'u ya gagare shi. Abokin tafiyarsa, Alhaji Hamza, ya kai shi wani shagon tausa da ƙaho. Aka haɗa shi da wani Bahaushe mai suna Bashiru, wanda ya miƙe zumbur da ganinsa, bai kuma yarda sun haɗa ido ba.

Aikin ya yi kyau, wannan Malam bai taɓa musu ba. Amma da hagu mutumin ya shafa masa man habbatussauda, da hagu ya kafa ƙahon. Inda ake bukatar ƙarfi kuwa, sai ya danna da gwiwar hannunsa na dama, kamar mai kwaɓa ƙasar gini. Da aka gama, ya miƙo masa ruwan Zamzam. Shi ma da hagu.

Malam ya ɗaga sandarsa yana nuna shi, mutumin ya ja baya har ya bugi bango. Kafin la'asar Malam ya rubuta ƙorafi shafi biyu, ya sa aka fassara wa mai shagon da Larabci, ya ce ba zai bar ƙofar ba sai an hukunta marar tarbiyya.

An kuwa hukunta shi. Bayan sun dawo, Alhaji Hamza ya kawo labarin: an sallami Bashiru, takardar zamansa ta faɗi tare da aikin, an maido shi gida wurin matarsa da 'ya'ya biyar. Ashe ma mutumin Dandin Mahe ne, a ƙasar Shagari, maƙwabcinsu.

Tun daga ranar, duk ruku'un da Malam ya yi babu ciwo sai ya tuna wanda ya gyara masa bayan. Abinci ya daina yi masa daɗi. Shi gyara ya nema, bai nemi a raba magidanci da abincinsa ba.

Garin bai canja sosai ba. Zango ɗaya ya taɓa koyarwa a nan, yana matashi mai zafin hannu, kafin a mayar da shi Dingyaɗi. Ya wuce makarantar, ya tambayi gidan, ya tarar da Bashiru a ƙofar zaure yana tsintar albasa. Nan ma ya miƙe tsaye.

"Allah shi gafarta Malam. Sannu da hanya."

"Zauna, Bashiru. Ni ke da laihi."

Bai zauna ba. Malam ya gyara tabarau, ya karanta masa takardar da zai aika wa mai shagon: ya janye ƙorafinsa, ya shaida cewa aikin Bashiru ya warkar da shi, yana roƙon a mayar da shi bakin aikinsa.

"Na yahe, Malam," in ji Bashiru. "Tun tuni na yahe."

Nan ya kamata Malam ya tsaya. Amma akwai gurbin da bai cike ba, shi kuwa bai saba miƙa aiki da gurbi ba.

"Abu guda, don in sa a takardar. Mi ya sa hagu? Har ruwan Zamzam? Wane malami ya karantar da kai bai hana ka wanga abu ba?"

Bashiru ya zaro hannunsa na dama daga cikin hannun riga. Yatsu uku sun ƙanƙame a tafin, sun bushe kamar saiwar da aka tone.

"Aji huɗu, Malam, makarantar can da ka wuto. Ranar da na ɓarar maka da tawada bisa rajista."