Bangon da Ya Huta da Yaɓe

Ka ce ɗawainiya ta ishe ka? To zauna, ka san abin da kake zagi tukuna. Ɗawainiya ba kuɗin saye ba ce. Saye rana ɗaya ne, a yi ciniki, a sallama, a watse. Ɗawainiya ita ce abin da abu yake ci a jikinka bayan ya zama naka: dusar jaki, man keke, igiyar guga, gaida surukai. Ba ta ƙarewa. Ranar da ka ga ta ƙare, leƙa da kyau, abin ne ya mutu.

An yi wani bafatake a wani gari mai gidajen ƙasa. Al'adar unguwarsu, da bazara ta kama, kafin hadari ya fara haɗuwa, sai a shiga gayyar yaɓe gida-gida. Mai gida ya tanadi jar ƙasa da ciyawa da makuba, matarsa ta dama fura ta tuƙa tuwo, shi ya raba goro. Maza su tuɓe riguna su faɗa cikin kwaɓi suna tattakawa, ana tsiya ana shewa, kafin la'asar an shafe bango da soro tsaf. Gobe kai ma ka naɗe wando ka tafi gidan wani. Shi kuwa bafataken nan ya zaga duniya, ya ga gidajen birni, idonsa ya buɗe fiye da hankalinsa. Ya ce shi kam ba zai ƙara ciyar da ƙarti ashirin kowace shekara don su shafa masa laka ba, sannan ya yi kwana ashirin yana tattaka ta wasu. Ya sayo siminti, ya kira birkila, aka lulluɓe bangon ƙasar nan ciki da waje, aka shafe shi da shuɗin fenti. Wani tsohon magini, maƙwabcinsa, ya zo ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa, ya kasa kunne, ya ce, "Alhaji, ƙasa ba ta zama da siminti. Ita so take a riƙa taɓa ta." Bafatake ya ce, "Baba, sha kuruminka. Ni dai na huta da ɗawainiya."

Ya kuwa huta, wallahi har hutun ya yi masa yawa. Shekarar farko aka zo kiransa gayya, ya ce bangonsa ba ya bukatar kowa. Ta biyu aka sake zuwa don kunya. Ta uku ba wanda ya ɓata takalminsa. Ana nan matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka yi nisa, kowa da inda abinci ya kai shi. In bazara ta zo sai ya zauna a zaure shi kaɗai yana jiyo hayaniyar gayya ta bayan katanga, yana gane muryoyi ɗaya-ɗaya, har aka kai lokacin da ba ya gane ko ɗaya. Babbar tukunyar da ake tuƙa tuwon gayya tana jingine a kusurwa, kaza ta mai da ita wurin ƙwai. Bango kuwa yana nan shuɗi shar, ko ƙwarzane babu. Abin da bai sani ba, can sama kusa da indararo akwai wata 'yar tsaga da ba ta fi silin gashi ba. Ruwa yana shiga ta nan, siminti ya hana shi fita, ƙasa tana ruɓewa a ciki, gara tana biki da azara. Da yaɓen gargajiya ne, da hannu arba'in sun bi ta wurin kowace shekara, da wani ya ji laushi ya ce a toshe. Amma wa zai taɓa bangon da aka ce ba ya bukatar kowa?

A shekara ta tara, cikin marka, ana gama sallar azahar bangon ya durƙusa gaba ɗaya. Simintin ya kwanta fale-fale a titi da fentinsa tas, ɗakin kwanansa ya buɗe, mai wucewa yana ganin gadonsa da butarsa. Ya lissafa tsimin da ya yi na goro da fura duk shekarun nan, bai isa tayar da rabin bangon ba. Sai ya sa takalmi ya bi gida-gida, ƙofofin da ya manta kalarsu. Tsohon maginin ya daɗe da rasuwa, ko ta'aziyyarsa aike ya yi. Ɗan maginin ne ya fito, ya rusuna da ladabi, ya ce, "Allah ya tsare gaba, Baba Alhaji. Ga shi kowa yana gona. Kuma ka san gayya, wanda ya taka taka, shi kake taka wa." Ba wanda ya zage shi, ka ji abin da ya fi ciwo. Kowa ya jajanta masa da kyau, kowa ya koma ciki.

Ya dawo ya rataya tabarma a inda bango yake. Washegari ya tara ƙasar da ta zube, ya zuba ruwa, ya naɗe wando. Tsoho mai furfura, shi kaɗai a tsakiyar kwaɓi, yana ɗaga ƙafa da ƙyar, babu mai yi masa tsiya, babu mai miƙo masa fura. Ashe yaɓen nan da ya raina ba bango kaɗai yake riƙewa ba. Don haka kafin ka sake buɗe baki ka ce ɗawainiya ta ishe ka, tuna abin da Hausawa suka ce: zumunci a ƙafa yake.