Ƙarfen Tokare Ƙofa

Shekarar da jirgin ƙasa na Arfa ya fara aiki, akwai wani guntun ƙarfe mai tsatsa da muke tokare ƙofa da shi a gidanmu na unguwar Shisha. Wata la'asar Umma ta ɗauko shi za ta jefar, sai kakana ya daka tsawa.

"Ke, ajiye! Guntun layin dogo ne wannan."

Na tsuguna ina shafa shi. "Jaddi, na wa ne?"

"Turkawa suka shimfiɗa shi har Madina. Yaƙi ya tarwatsa shi, kowace ƙasa ta riƙe ɓangarenta. Babana bai taɓa ganin jirgin ba. Layin ya bi da ƙafa zuwa Madina don kada ya ɓata a hamada, a nan ya tsinto wannan guntun."

Yanzu duk lokacin da na shiga jirgin ƙasa na Madina, ƙasa nake kallo ta taga.