Ya iske uwarsa?

Ina aji na biyu a makarantar lise, a Gure, mushen Faransanci, wato malaminmu, ya ce shekarar nan littattafan matafiya na ƙasashen duniya za mu karanta. Wata la'asar ina kan tabarma da ɗaya a hannu, Inna tana suyar aya a gefena, ƙamshin ya cika gidan. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana.

“Kai, wannan, me ke cikin takardar da ya hana ka ɗaga kai?”

Na ba ta labarin da Hausa: wani mutum ya bar garinsu, ya shiga jirgin ruwa, ya yi shekaru yana yawo. Ina ta zuba mata teku da tsibirai, ita da iyakar tafiyarta kasuwar Kelle. Ba su dame ta ba. Ta tsayar da ludayi.

“Da ya komo, ya iske uwarsa?”

Na riga na karanta shafin. Tsohuwar ta mutu tana jira.

Na ce, “Ya iske ta, Inna, lafiya lau.”

“To, alhamdu lillahi. Ɗan halak ne.” Ta zubo mini aya mai zafi a tafi.

Yau ni ke zaune a bakin tekun. Kowace sallah ina ce mata a waya baɗi zan zo. Sai ta ce Allah ya kai mu, da muryar nan da ta yarda da ni ranar suyar aya.