Tsiren Ƙofar Asibiti

Tun da aka kawo allurar nan, an daina tsaga cikin mutum don a duba ko ciwon daji ya bazu. Siririya ce kamar silin gashi. Takan shiga ta tsinko ɗan tantanin ciki, kafin mace ta gyara ɗaurin zaninta sakamako ya fito. Sai dai doka ta hana a gaya wa majinyaci, ɗan rakiyarsa ake raɗa wa.

Ladidi na zaune a benci tana jiran yayarta Tabawa, wadda ta shiga jin sakamakon gwajin da aka yi wa Ladidin. Bara aka cire wa Ladidi ƙari a hanji, bana kuma cikinta ya kumbura.

Wani mutum ya fito, ya durƙusa gaban matarsa yana gyara mata takalmi.

"Me kike marmari? Bari in sayo miki tsire."

Matar ta dube shi. Mai tsiren ƙofar asibitin nan ba ya kwantai, don duk ɗan rakiyar da aka raɗa wa mummunan labari wurinsa yake nufa.

Sai ga Tabawa, fuska a murtuke.

"Tashi mu tafi, kin sa na rufe shago a banza. Kullum ɗanwake da alala, ba dole ciki ya kumbura ba?"

"Yaya, ko ɗan tsire ba za ki saya min ba?"

"Tsiren me? Wanke-wanke na can yana jiran ki tun jiya."

Ladidi ta fashe da dariya har da hawaye, ta kama hannun yayarta suka wuce mai tsire. Tabawa ta yi ta faɗa har bakin titi, amma ba ta saki hannun ba.