Wasan da Kaka Ya Koya Mana

Da baburan 'yan bindiga suka ɓullo daga bakin daji, ni da ƙanena muka zube tsakanin kunyoyin dawa. Ba mu yi shawara ba, jikinmu ne ya tuna.

Kakanmu ne ya koya mana muna yara, a wannan gonar ta Dogon Dawa. Ya yi yaƙin basasa, amma bai taɓa ba mu labarinsa ba, wasa kawai ya dawo mana da shi. Muna cikin noma sai ya daka tsawa, "Ƙasa!" Wanda ya riga ɗaga kai an cinye shi, wanda ya daure ya samu ƙuli-ƙuli. Daga baya ya taɓa ƙeyarmu ya ce, "Ku tashi, mazaje, sun wuce." Kullum ƙanena ake cinyewa, dariya ba ta barinsa.

Harbin ya daɗe. Ina ta kallon wata tururuwa har baburan suka yi nisa.

Na miƙa hannu na taɓa ƙeyar ƙanena. "Tashi, sun wuce."

Na sake faɗa, har da muryar Kaka. Bai ɗaga kai ba.

Yau dai ya cinye ni.