Kukan Jitar Marigayi

Auta ya taka ƙaramin akwatin da ke gabansa, ya ja tsirkiya ta uku sama, ya kasa kunne. Amfilifaya, na'urar ƙara sautin jita, ta yi gurnani, sannan ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofar ƙarfe. Ba shi ba ne. Ya mayar da allura kan faifai, sautin da yake nema ya sake cika falon: siriri, da ɗan kaushi a bakinsa, yana karkarwa a ƙarshe kamar muryar mai danne kuka.

Wannan waƙa ce ta yi wa mahaifinsa suna. Saboda ita masu son kiɗan buluz suka laƙaba masa Mai Kukan Jita, kuma har ya bar duniya bai taɓa kaɗa ta a gaban jama'a ba. In an matsa masa sai ya yi murmushi, ya ce ba kullum hannu ke yarda ba.

Yanzu kamfanin da ke riƙe da faifan ya shirya taron tunawa da marigayi. Manajan bai ɓoye wa Auta komai ba. In ya fitar da sautin nan, shi zai rufe taro, kuma za a naɗe masa nasa faifan. In ya kasa, suna da wani makaɗin a hannu.

Auta ya sayar da babur ɗinsa, ya sayi tsohuwar amfilifaya mai ƙwayaye a ciki, irin wadda ke hoton bayan faifan. Ya tara akwatunan takawa: mai sa sauti kaushi, mai amsa-kuwwa, mai sa shi rawar ɗari. Ya bar tsirkiyoyi masu kauri ya koma sirara. Wani ya ce masa makaɗan zamanin da, reza suke sa wa takardar lasifika, ya sa, ya yi asarar lasifika. Jitar kanta ta marigayi ce. Umma ce ta sauko masa da ita daga saman durowa, ta miƙa masa tana kallon wani gefen.

Ya kwashi kayan ya kai wa mai gyaran rediyo na bakin layi. Mutumin ya auna komai, ya saurari faifan, ya ce, "Kayanka lafiya lau. Wanda ya kaɗa wannan hannunsa ba nauyi, shafa yake yi." Auta ya dubi manyan yatsunsa, waɗanda kowa ke cewa na ubansa ne sak, ya yi tsaki a ransa.

Daga nan ya nemo tsohon mai gangar marigayi, ya tambaye shi me aka jona ranar da aka naɗi waƙar a situdiyo.

"Mu da safe muka yi namu muka watse," in ji tsohon. "Jitar daga baya aka ɗora. Ubanka ya kori kowa, har mai naɗar sauti ya sa ya nuna masa maɓalli ya fita. Uwarka kaɗai ya bari, wai tana haɗa masa shayi. Ita za ka tambaya."

Auta bai taɓa tunanin tambayar Umma komai game da kiɗa ba. Tun yana ƙarami, da zarar an sa faifan nan sai ta tuna tana da wanki.

Ya same ta tana guga a falo, tana tsallake wayoyinsa.

"Umma, wace na'ura Baba ya jona a situdiyo?"

"Waya ɗaya ce, daga jita zuwa amfilifaya."

"Ba zai yiwu ba."

"To," ta ce, ta juya hannun rigar.

Yana cikin kaɗawa manajan ya kira. Sun saurari abin da ya aika musu, sun gode, amma sun tsayar da ɗaya makaɗin. Za a ajiye wa iyalin marigayi kujeru a sahun gaba.

Auta ya ajiye wayar. Don kada ya yi magana, ya sake jan tsirkiya da ƙarfi.

"Kana shaƙe mata wuya da yawa," Umma ta ce, ba ta ɗago ba. "Kuma ta ukun ta ɗan sauka."

Ya duba, ta sauka ɗin. Wannan ne ya ƙarasa ƙona masa rai.

"Kin yi rayuwa da mutumin da duniya ke girmamawa, amma ko faifansa ba ki taɓa zama kin saurara ba. Yau kuma ke ce mai koya mini? Umma, shayi kika haɗa. Ki bar maganar kiɗa ga masu shi."

Ta tsayar da dutsen guga. Ta dube shi, ta daɗe, kamar tana ganin wani a fuskarsa.

Ya wurgar da jitar kan kujera, ya fita neman wanda zai saye tarkacen gaba ɗaya. Yana tsakiyar matakala sautin ya biyo shi: siriri, da kaushin nan a baki, da karkarwar nan a ƙarshe. Ya yi dariyar takaici. Sai yau ta ga damar sa faifan, don ta nuna masa nisan da ke tsakaninsa da ubansa. Bai tsaya ya lura babu ganga a ƙarƙashin kiɗan ba. Ya sauka da sauri, ya buga ƙofar gida.

A falo, Umma ta kai ƙarshen waƙar, ta kashe amfilifaya, ta mayar da wayoyinsa yadda ya bar su. Ta dubi jan sawun da tsirkiya ta bari a kan yatsunta, daidai inda ta bar shi ranar da ta kaɗa waƙar nan a situdiyo, mijinta na tsaye yana gadin ƙofa, yana rantse mata cewa faifai na gaba sunanta za a rubuta.