Zanen da Inna Mansa Ta Ƙi Ɗaurawa

Tela ya kawo zannuwan makoki da hantsi, baƙi mai ratsin ja, Lisbet ta bi ma'aikatan gidan marayun tana miƙa wa kowa nasa. Kowa ya karɓa da hannu biyu. Da ta isa madafa, Inna Mansa mai girki ko ɗago kai ba ta yi daga kifin da take gyarawa ba.

"Ajiye can," in ji ta. "Hannuna da ƙarni."

Daga Holan Lisbet ta zo aikin sa-kai, irin 'yan matan Turai da ke cika mana garin nan na bakin teku duk hutu, su koya wa yara waƙa, su ɗauki hoto, su sha kuka ranar tafiya. Sai dai ita fatarta irin tamu ce. Daga wannan gida wasu Turawa suka ɗauke ta tun tana koyon tafiya, suka raine ta a can. Yara na ce mata baƙar Baturiya, don Fantancinta, wato yaren garin, bai wuce na gaisuwa ba.

Abu ɗaya ya dawo da ita Gana: uwarta. Tun makon farko Madam Kwansa, mai gidan, ta kashe maganar. Ta ce uwar ta rasu, zazzaɓi ne, ba ta bar dangi ba. Ta kai ta bayan coci ta nuna mata wani kabari da ciyawa ta cinye, babu ko suna. Lisbet ta tambaya ko an yi mata makoki. Aka ce wa zai yi?

Mu nan kuwa, a binne mutum ba taro, ba kiɗa, ba zane iri ɗaya, ai kamar bai taɓa zuwa duniya ba ne. Da Lisbet ta gane haka sai ta rantse ba za ta hau jirgi ba sai ta yi wa uwarta abin da ake yi wa uwar kowa.

Madam ba ta son tone-tone. Bara hukuma ta rufe wasu gidaje biyu a yankin, da aka gano an mai da 'ya'yan masu rai marayu, yaran kuma aka watsa su ko'ina. Tun daga nan tambaya ke ɓata mata rai. Amma makoki ba tambaya ba ne, sai ta yarda.

Duk gidan babu wanda ya kai Inna Mansa daɗewa, shi ya sa Lisbet ta manne mata. Kullum amsa ɗaya ce: "Ni tukunya na sani." Ga faɗa kamar me. Lisbet ta miƙa mata cokali da hagu, sai ta doke hannun.

"Ke Baturiya, hagu? Mutane kike ba abu da shi?"

Alhali ita kanta da hagun take tuƙa ƙullin dokunu, tuwon masararmu mai tsami, in tana ganin ba mai kallo. Kirkinta ɗaya ne: tun ranar farko daban take niƙa wa Lisbet yajinta, ba jatan lande a ciki, don kumbura mata fuska yake yi. Lisbet ta ɗauka Madam ce ta faɗa mata, ta manta cewa ita ko Madam ɗin ba ta taɓa gaya wa ba.

Ranar Asabar aka kafa rumfa. Makaɗa suka zo, matan coci suka cika kujeru, yara suka jeru cikin baƙi da ja. Lisbet ta zauna a gaba tana karɓar gaisuwa, ita kaɗai a layin dangi, abin tausayi. Inna Mansa kuwa tun da sassafe take kan murhu, dafa-duka, dokunu, soyayyen kifi, ta hana kowa sa mata hannu. Mutane suka ci suna cewa ba su taɓa jin girkinta ya yi daɗi haka ba.

Da ta fito kwashe kwanuka sai ido ya dawo kanta. Tsohon zanen aikinta ne a jikinta, duk toka. Mata suka shiga zunɗe. Wanda aka ba zanen makoki ya ƙi ɗaurawa, ya faɗa wa gari ke nan cewa yana gaba da mamaci.

Lisbet ta bi ta har madafa.

"Inna, me uwata ta yi miki?"

"Sakarya ce," in ji Inna Mansa, ta juya mata baya. "Je ki ci abinci."

Wannan magana ta fi kabarin yi wa Lisbet ciwo. Ranar Litinin da mota ta zo, ta rungumi kowa, har mai gadi, ta wuce ƙofar madafa ba ta ko waiwaya ba. Tsohuwar na tsaye daga ciki da ƙullin dokunu mai ɗumi cikin ganye, har ƙarar motar ta ɓace.

Madam ta shigo ta tura ƙofa.

"Kin rufa mana asiri, Mansa, yaran nan ba za su watse ba. Amma zanen fa? Da kin ɗaura, me zai ci ki?"

Inna Mansa ta ajiye ƙullin a hankali, ta goge ido da bakin zane.

"Haba Madam. Kin ce sai maraya Turawa ke ɗauka, na yarda na mutu don 'yata ta ƙoshi. Abincin makokina da hannuna na dafa shi. Zanen ma sai na ɗaura?"